Ƙugiya da Tazara a Rubutun Boko

Akwai wani gunaguni da ba ya ƙarewa a bakin masu karatun Hausa, watau wai rubutun mutane ya lalace. A allon shago, a bayan mota, a takardar gayyatar biki, har a saƙon da ake aikawa ta waya, sai a ga an rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", ko "shine" a wurin "shi ne". Waɗansu malamai in sun ga haka sai su yi ta faɗa, har wanda bai daɗe da fita ajin yaƙi da jahilci ba ya ji tsoron ɗaukar alƙalami. Masu faɗan nan suna da gaskiya, amma ba a kan kome ba, gama kurakuran ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai wanda muninsa a ido kaɗai ya tsaya, akwai kuma wanda ke juya magana ta koma wata dabam.

A ɗauka wani yana neman kuɗi a Ikko, ya aiko wa ƙanensa kuɗi ya ce a kai wa tsohuwarsu. Ƙanen ya kai, sa'an nan ya mayar da amsa ya ce, "Yaya, kudin da ka aiko na bata." To, me wan nan zai karanta? In ya raba kalmar, "na ba ta" ke nan, saƙo ya isa hannun uwa. In kuwa ya sa mata ƙugiya, "na ɓata" ke nan, kuɗi sun salwanta. Takarda ba ta da murya balle a ji inda mai magana ya ja, ba ta da fuska balle a duba. Kafin a gane gaskiya, watakila an riga an yi wa yaron baƙar magana a kan laifin da bai yi ba. Haka kuma maigida in ya rubuta wa yaron shagonsa, "Buhun gero daya bashi," yaron ba zai sani ba ko cewa aka yi ya ba shi, ko cewa aka yi ya rubuta a littafin bashi.

Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba don ado aka yi su ba. Harufan Turawa ba su da waɗannan sautuka, don haka tun lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idodin rubutun Hausa a 1912 ake neman yadda za a nuna su. An gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada waƙafi a gefensa, sa'an nan a zamanin Dokta East a Zariya aka tsaya a kan ƙugiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa jama'a da su. Da su ake bambanta kaya da ƙaya, kara da ƙara, baki da baƙi. Wanda ya rubuta "ya yi baki" bai faɗi ko baƙi aka yi masa ba, ko kuwa uwa ce ta yi wa ɗanta baki.

Abin da ya ƙara wa laifin nauyi shi ne, rubutun boko da ma bai nuna kome da kome ba. Ba ya nuna dogon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya, sai ma'anar zance ta raba su. Tun da yake an riga an bar wa mai karatu wannan aiki, ba daidai ba ne a ƙara ɗora masa wani. A da masu keken rubutu suna da hanzari, don yawancin kekunan ba su da waɗannan haruffa. Yanzu wayoyi da kwamfuta suna da su ga wanda ya nema.

Amma fa akwai inda masu faɗa ke wuce gona da iri. Basakkwace in ya rubuta "hwari", ko Bazazzagi ya rubuta "mace ne", bakin garinsu suka bi. Gaskiya ne Hausar littafi ta fi bin bakin Kano, ya kamata a koya ta, amma ba wanda ya kasa gane abin da suke nufi. Ƙa'idar ma kanta ta sha gyara. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taro a Bamako a 1966, an sake yi a Yamai a 1980, duk a kan daidaita rubutu, har yau kuwa Nijeriya na rubuta "'ya'ya", Nijar na rubuta "ƴaƴa". Wanda ya buɗe tsofaffin littattafan Zariya zai ga "ya ke" a rabe, alhali yanzu "yake" ake rubutawa. Dattijon da ya koyi ta da bai cancanci dariya ba.

Batun tazara kuwa, akwai gwaji mai sauƙi. In ana iya cire kalma a sa suna a wurinta, to, zaman kanta take yi. Ana cewa "ya ba Ladi", saboda haka "ya ba ta" za a rubuta. Ana cewa "Audu ne", saboda haka "shi ne". Sai dai wakilin suna na mallaka shi manne shi ake yi, kamar "gidansa" da "rigarta". Nan ma raba shi da haɗa shi ba ɗaya ba ne. "An ci naman sa" labarin walima ne, an yanka bijimi. "An ci namansa" kuwa, da mutum aka yi a bayan idonsa.