Lambar Sarauniya da Filin Karari

A shekara ta 1899 aka ƙera lambar yabo ta azurfa a Ingila domin sojojin da suka ci Sudan da yaƙi. A fuska ɗaya hoton Sarauniya Biktoriya ne. A ɗaya fuskar kuwa ga wata mace mai fukafukai a zaune, alamar nasara ke nan wurin Turawa, tana riƙe da reshen dabino da rawanin ganye, tutocin Ingila da Masar suna bayanta. Aikin de Saulles ne, kuma gwani ne ƙwarai. Macen nan tana zaune a natse kamar ba ta taɓa jin ƙarar bindiga ba.

Natsuwar nan ita ce ta dame ni, balle da reshen dabino, wanda mu muka san shi da wata ma'ana dabam. Ran 2 ga Satumba 1898, a filin Karari kusa da Umdurman, mayaƙan Halifa Abdullahi suka tunkari igwa da bindiga mai ruwa, da yawansu ba su da kome sai māshi da takobi. Kafin azahar wajen mutum 10,000 sun mutu. Na ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Mai karatu, ka juya lambar gaba da baya, ba za ka ga ko gawa ɗaya ba. A ƙyallenta kaɗai aka tuna da su: rawaya hamada ce, baƙi mayaƙan Mahadi, siririn jan layi na tsakiya kuwa sojan Ingila. Alhali mafi yawan rundunar Kitchener Masarawa ne da 'yan Sudan.

Halin ba sabo ba ne. A 1741 maƙeran Ingila suka buga lambobin nasarar Vernon a Kartahena tun ba a gama yaƙi ba, har da hoton Blas de Lezo a durƙushe gabansa (mutumin da ƙafa ɗaya gare shi!). Ashe Vernon ne aka kora.

Ni dai na fi ganin girman tauraron da Gordon ya sa aka zuba a Hartum a 1884, garin yana kewaye da abokan gaba. Yawancinsu na dalma ne, aikin ba sumul ba, kuma babu nasarar da suke shela. Ya ba masu tsaron gari ne kawai don kada su karaya. Ran 26 ga Janairu 1885 garin ya faɗi.