Jinjina Ga Masu Gane Zazzaɓin Fijo

Tun 1975 aka fara haɗa Fijo 504 a Kaduna, kuma har yau akwai masu hawa titi. Bakanikan da suka laƙanci ciwonta ne suka riƙe ta.

Idan allurar zafi ta haura, gwani ba ya gaggawar kwance inji. Sai ya bari ya huce, don buɗe murfin lagireto da zafi kan sale fuska. Sannan ya sake tayar da inji, ya dafa tiyon sama: in inji ya yi zafi tiyon na nan da sanyi, tamostat ta maƙale. Ya kashe inji, ya danna fanbel da yatsa, shi ne mai juya famfon ruwa. Ya shafa lagireto da tafin hannu. Inda ya ji sanyi, tsatsa ta toshe. In baƙin mai ya koma launin shayi da madara, ga farin hayaƙi a salansa, to gaskit ya ƙone.

Abin da ya fi burge ni shi ne amana. Sau da yawa murfi ne kawai ya mutu, bakanike ya faɗi gaskiya, ya karɓi kuɗi kaɗan, direba ya koma tasha ya yi lodi. Allah ya saka musu da alheri.