Jinjina ga Masu Gyaran Tagar Rufi

Sai ruwan Agusta ya sauko ake gane wanda ya iya kafa taga a rufin kwano. Mai gaggawa yakan lafta kwalta a gefenta ya karɓi kuɗinsa. Zafin bazara na tsattsage kwaltar, sai silin ya fara ɗiga.

Kafintan kirki ba ya ƙara kwalta. Yakan ɓamɓare kwanon da ke kewaye, ya sake jera faifan ƙarfe daga ƙasa zuwa sama, na sama yana hawa kan na ƙasa, don ruwa ya bi gangara. Ƙusa kuwa a kan tudun kwano yake bugawa, ba cikin kwari ba. Da rana tsaka yake wannan aiki, kwano na ƙona tafin ƙafa, ga ladan bai taka kara ya karya ba.