Waƙa a Bakin Daga: Nazarin Macross da Yaƙin Samudawa

Wasu sojoji uku 'yan leƙen asiri sun dawo daga aikin da aka tura su cikin jirgin abokan gaba. Sun miƙa rahoto ga manyansu, amma sun ɓoye tsarabar da suka zo da ita. A cikin tsarabar akwai wata 'yar tsana da ke rausaya tana rera waƙa. Sojojin nan samudawa ne, tsayin kowannensu ya kai wajen mita goma, saboda haka 'yar tsanar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba a tafin hannunsu. Amma ga su sun yi mata zobe a lungu, sun kasa kunne, baki sake. Tun da aka halicce su ba su taɓa jin abin da ake kira waƙa ba. Kafin a ankara labari ya bazu cikin rundunar, har wasu sun fara ƙulla yadda za su sulale su koma wajen mutanen da aka turo su su hallaka.

Wannan fage daga Macross yake, katun ɗin Japan da aka fara nunawa a talabijin a watan Oktoba na 1982, aka kammala a Yunin 1983 bayan kashi 36. Shi ne ya kafa wani salo da ya ɗore sama da shekara arba'in a fagen anime, salon da ya tsaya kan duwatsun murhu uku: yaƙi a sararin samaniya da jiragen da ke rikiɗa su zama mutum-mutumi, soyayyar mutum uku, da waƙa. Wanda ya ji wannan haɗin a karon farko zai ce hauka ne, kamar a zuba sukari a miyar kuka. Ni ma haka na ce. Sai da na kai tsakiyar labarin na gane cewa waƙar ita ce tuwon, jiragen yaƙin kuwa miya ce kawai.

Macross bai faɗo daga sama ba. Tun 1963 yaran Japan ke kallon Tetsujin 28, ƙaton mutum-mutumin da yaro ke sarrafawa daga nesa. A 1972 Mazinger Z na Go Nagai ya ɗauki matuƙin ya saka shi cikin kan mutum-mutumin. A 1974 Yamato ya kai yaƙin sararin samaniya, sannan a 1979 Gundam na Yoshiyuki Tomino ya mayar da mutum-mutumi kayan aikin soja zalla, mai lalacewa, mai ƙarewar harsashi, wanda yaro ke tuƙawa cikin fargaba. Waɗanda suka yi Macross yaran da suka tashi da waɗannan ne. Shoji Kawamori, wanda ya zana jiragen ya kuma tsara labarin tare da abokan aikinsa na Studio Nue, shekararsa 22 lokacin. Haruhiko Mikimoto, mai zanen fuskokin, abokin karatunsa ne a makarantar Keio. Babba a cikinsu shi ne darakta Noboru Ishiguro, wanda ya yi aiki a Yamato, kuma ya sakar wa matasan mara suka yi fitsari.

Labarin ya fara ne da wani ƙaton kumbo, tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, da ya faɗo kan wani tsibiri a tekun Pasifik a 1999. 'Yan Adam suka shafe shekara goma suna gyara shi, suka raɗa masa suna Macross, gari guda ya tsiro a gefensa. Ranar bikin ƙaddamarwa a 2009 samudawan Zentradi suka iso. Garin neman tsira, jirgin ya yi tsalle ta wata na'urar naɗe tazara, sai ya wuce gona da iri: ya tsinci kansa kusa da duniyar Pluto, ya kuma kwaso tsibirin da mutanensa dubbai. Na'urar ta ɓace. Babu hanyar komawa gida sai a hankali, wata da watanni, maƙiya na biye.

A nan ne Macross ya rabu da magabatansa. Fararen hular nan ba a jibge su a sansani suna jiran abinci ba. Sake gina garinsu suka yi a cikin tumbin jirgin, da tituna da shaguna da gidan talabijin. Gidan abincin 'yan Sin na dangin Lynn Minmay ya buɗe ƙofa ya ci gaba da ciniki. Kuma duk lokacin da jirgin zai harba babbar bindigarsa dole ya rikiɗa ya ɗauki siffar mutum, sai titunan su tsage, gidaje su rushe, masu gari su fito washegari su kama gyara. A cikin irin wannan hali aka shirya gasar sarauniyar kyau, Minmay ta lashe, ta zama mawaƙiya. Mai kallo zai iya tsaki ya ce ana ga yaƙi suna ga ƙura. Amma wannan ciniki da kwalliya da waƙe-waƙen banza su ne abin da Zentradi ke leƙowa suna gani ta na'urorinsu, hankalinsu na tashi.

Su Zentradi ba haihuwarsu ake yi ba, ƙera su ake yi domin yaƙi. Maza daban, mata daban, ba sa haɗa jirgi. Ba su san kasuwa ba, ba su san aure ba. Abin da ya fi burge ni cikin sifarsu shi ne ba su iya gyara ba: jirgi in ya lalace haka za a ci gaba da amfani da shi har ya mutu, domin waɗanda suka ƙera su, tsohuwar al'ummar da ake kira Protoculture, sun hana su duk wani sanin da ba na kisa ba. Da suka kama matuƙi Hikaru Ichijo da jami'a Misa Hayase, suka tilasta musu su nuna musu abin da ake nufi da sumba, manyan kwamandojin da suka ƙone duniyoyi ja da baya suka yi, jiki na ɓari. Abin dariya ne, kuma da gangan aka yi shi don a yi dariya, amma a kansa dukan ginin ya tsaya.

Ko mutum-mutumin ma sai da aka ba shi dalili. Tun da abokin gaba tsawon bene yake, sojan ɗan Adam na bukatar jikin da zai yi kokawa da shi. Jirgin Valkyrie, wanda ƙirarsa ta ɗauko daga F-14 na Amurka, siffa uku gare shi: jirgi sosai, mutum-mutumi sosai, da wata ta tsakiya mai ƙafafu kamar na jimina. Mai zane Ichiro Itano ya ba faɗan nasa tambari, inda makamai masu linzami ke fita tuli guda suna murɗawa, hayaƙinsu na saƙa a sama, har masoya suka raɗa wa salon sunansa. Kamfanin Takatoku ya ƙera abin wasan yara da ke rikiɗa kamar na cikin shirin, ya yi kasuwa sosai.

A kashi na 27 babbar rundunar Zentradi, jirage miliyoyi, ta kewaye duniya ta yi mata ruwan wuta, kusan duk bil'adama suka ƙare. Abin da ya rage shi ne Macross da samudawan da suka sauya sheƙa. Dabararsu ita ce a watsa hoton Minmay da muryarta ta kowace tashar sadarwa ta maƙiya. Sojojin da ba su taɓa jin waƙa ba suka daskare, aka ratsa tsakiyarsu aka tarwatsa uwar jiragensu.

Mu nan ƙasar Hausa mun san makaɗi a fagen fama. Tambari da kirari aikinsu su zuga naka, su tuna masa ubansa da kakansa, su sa gudu ya zame masa abin kunya. Waƙar Minmay ba ta zuga kowa. Maƙiyi aka nufa da ita, kuma abin da take tuna masa shi ne rayuwar da aka hana shi. Shi ya sa masu cewa saƙon Macross shi ne waƙa na kawo zaman lafiya suke ba ni mamaki. A duba fagen da kyau. An sa yarinya ta yi waƙa domin hannun soja ya saki kunamar bindiga na ɗan lokaci, a samu damar harbe shi. Waɗanda waƙar ta taɓa zuciyarsu a wannan rana mafi yawansu ba su kai gobe ba. Gadar zare ce mai daɗin sauti.

Kuma waƙar ba wata gagaruma ba ce. Irin waƙoƙin 'yan mata ne na yayi, na zamanin da mawaƙiya Seiko Matsuda, wadda ta fito a 1980, ke tashe a Japan. Mari Iijima, wadda ta yi muryar Minmay ta kuma rera waƙoƙin, ta zama tauraruwa a zahiri, har makaɗi Ryuichi Sakamoto ya shirya mata faifanta na farko a 1983. Fim ɗin 1984, wanda ya sake ba da labarin da zane mai tsada, ya ƙara fito da wannan batu fili: an tono baitocin wata waƙa daga kufan Protoculture, aka fassara, aka rera ta a yaƙin ƙarshe, sannan aka bayyana cewa ba addu'a ba ce, ba sirri ba ce, waƙar soyayya ce da ta yi tashe a wani gari dubban shekaru da suka wuce. Mai kallon finafinan Hausa, wanda ya saba da saurayi ɗaya tsakanin 'yan mata biyu da waƙa a tsakiyar rikici, ba zai ji baƙunta a nan ba. Bambancin shi ne a Macross in ka cire waƙar labarin ya rushe.

Ina ganin akwai tarihin Japan a ƙarƙashin wannan duka, ko da masu shirin ba su zauna sun ƙudura haka ba. Al'ummar da aka tarbiyyantar kan yaƙi, aka hana ta annashuwa, ta sha kashi a 1945, sannan sojojin mamaya na Amurka suka zauna har 1952 da kiɗansu da finafinansu da cingam. Kawamori da tsararsa 'ya'yan waɗanda suka ga wannan ne. A Yamato an tono jirgin yaƙin da aka nutsar a 1945 an mayar da shi mai ceton duniya. A Macross kuwa mayaƙan da ba su san komai ba sai biyayya su ne baƙin, mai nasara kuma shi ne mai shago da faifai. A 1982 Japan ta riga ta zama mai cin duniya da rediyo da mota da kaset. Shirin da kansa talla ne na abin wasa da faifan waƙa, ya san haka, bai kuma ɓoye ba.

Waɗanda suka biyo baya sun yi ta jujjuya tambayar. Macross Plus na 1994, wanda Yoko Kanno ta yi wa kiɗa, ya kawo Sharon Apple, mawaƙiyar da kwamfuta ce, tana satar shauƙin wata mata mai rai tana sa dubban masu kallo cikin maye har ta ƙwace ragamar makaman gari. Shekara 13 ke nan kafin Hatsune Miku, mawaƙiyar kwamfuta ta zahiri. A 1994 ɗin dai aka fara Macross 7, inda mawaƙi Basara Nekki ke shiga tsakiyar faɗa da jan jirgi yana tuƙi da jita, yana harba lasifika cikin jikin jiragen maƙiya don su ji shi dole, ya kuma ƙi kashe kowa. Kashi 49 ne, maimaicin waƙoƙinsa na iya gundurar mai haƙuri, amma Basara kaɗai ne ya ƙi yarda a mayar da waƙarsa harsashi. Macross Frontier na 2008 da Macross Delta na 2016 sun fi kyan gani. A ganina sun fi saurin yarda da ƙarfin waƙa, har ta koma kamar wani sinadari da ake aunawa da na'ura.

A wajen Japan kuwa da yawa sun san labarin ne da sunan Robotech. A 1985 kamfanin Harmony Gold na Amurka ya ɗinke Macross da wasu shirye-shirye biyu da ba su da alaƙa da shi don ya sami kashi 85. Domin ɗinkin ya kama, aka mayar da Protoculture wani irin makamashi da ake yaƙi a kansa. Al'ada ta koma man fetur. Rigimar haƙƙin mallaka da ta biyo baya ta tare yawancin sauran Macross daga kasuwannin waje har zuwa sulhun da aka yi a 2021.

Kashi tara na ƙarshe na shirin farko ƙari ne da aka yi bayan an ga ya karɓu, kuma masoya da yawa na ganin jan rai ne. Ni a wurina nan ne shirin ya fi faɗin gaskiya. Shekara biyu bayan nasara, duniya toka ce, ana ta fama a tsiro da ciyawa. Samudawan da suka ajiye makami saboda waƙa an ba su aikin leburanci, ga gajiya, ga ƙarancin abinci, ga shi ba abin da suka iya sai faɗa. Suna ta tayar da tarzoma a garuruwa. Minmay na yawo daga wannan dandali zuwa wancan, ɗan'uwanta Kaifun da ke riƙe da harkarta ya zama mashayi, wani lokaci da kayan abinci ake biyanta. Muryar da ta tsayar da jirage miliyoyi ta kasa tsayar da Hikaru, wanda zuciyarsa ta bar ta ta karkata ga Misa.

Shi kuwa Kamjin, kwamandan da tun farko bai yarda da sulhu ba, ya tara masu ƙorafi ya shige daji da su. Sumba ta daina firgita shi, har yana yi a gaban yaransa. Zaman da mutanensa suka yi cikin 'yan Adam ya koya musu abin da aka hana kakanninsu, wato gyara. Suka sami wani mataccen jirgin yaƙi, suka duƙufa a kansa har ya tashi. Da shi Kamjin ya nufi garin da aka gina kewaye da Macross, ya buɗe wuta, da aka harbo shi kuma bai juya ba, ya saita hancin jirgin ya afka.