Cunkoso ko Ɓatan Kaya? Sharhi a kan Maƙalar Jacobson ta 1988 da Kalmomin Sadarwa a Hausa

A watan Oktoba na 1986 hanyar sadarwa da ta haɗa ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya, a Amurka, ta durƙushe. Tsakanin wuraren biyu bai wuce yadi 400 ba, amma gudun saƙo ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Van Jacobson ya bi diddigin al'amarin, ya gabatar da maƙalarsa a 1988, kuma a kanta aka gina mafi yawan binciken da ya biyo baya. Dalilin duba ta a waɗannan shafuka shi ne, shirin shimfiɗa wayar gilashi mai ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗinsa a 2016, ya ƙunshi reshe daga Zindar zuwa Magariya har iyakar Nijeriya. Duk abin da ya shigo ƙasa, sai an nema masa suna.

Bayanin Jacobson mai sauƙi ne. Saƙo ana yanka shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ya bi ta wasu na'urori da yake jiran layi a cikinsu. Idan layi ya cika, sai na'ura ta zubar da abin da ya yi yawa. A da, mai aikawa yakan yi ta sake turawa, watau yana ƙara wa mai ciwo gishiri. Maganin da maƙalar ta kawo shi ne kada a saki sabon ƙunshi sai an sami shaidar isar wani. A fara da ɗaya, a riƙa ninkawa a kowane zuwa da dawowa. In an kai wani mizani a koma ƙarin ɗaya-ɗaya. Da zarar ƙunshi ya ɓace a rage rabi.

Mai tsara kalmomi a Damagaram ba zai sha wuyar neman wasu sunayen ba. Ayarin da yake tasowa daga Tarabulus ta Gat da Abzin da Damargu, a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, a unguwar Zango yake sauka, bayan ganuwar Birni, kafin ya wuce Kano. Saboda haka "zango" ta dace da na'urar da ƙunshi yake yada kaya a cikinta, ta fi kowace kalmar aro. Amma kwatancin yana da iyaka, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara. Ayari yana da madugu. Tsarin Jacobson ba shi da shi: kowane mai aikawa shi ke yi wa kansa linzami, bisa abin da ya gani ya dawo. Wanda ya saka "madugu" a cikin littafin koyarwa ya koyar da kishiyar abin da maƙalar ta ce.

Sunayen da maƙalar ta yi amfani da su ma ba duka ne suka cancanci fassara kalma da kalma ba. Adadin ƙunshin da aka yarda ya fita kafin shaida ta dawo, Turanci yana kiransa da kalmar da ke nufin taga. Ɗalibin yaƙi da jahilci da ya ji "taga" bango zai tuna. "Kason kaya" ya fi kusa da ma'ana. Haka nan matakin farko, wanda aka laƙaba wa sunan farawa a hankali, alhali abin da ake ninkawa ɗaya, biyu, huɗu, takwas ba a ce masa a hankali. "Matakin ninkawa" ya isa.

Babban rauni kuwa yana cikin ginshiƙin maƙalar. Jacobson ya ɗauka cewa lalacewar ƙunshi a hanya ba ta kai ɗaya bisa ɗari ba, don haka duk ɓata alamar cunkoso ce. A kan wayoyin da ya auna, gaskiya ya faɗa. Amma mutumin Zindar ko Mirriya ta wayar salula yake shiga intanet, inda ƙunshi yakan lalace a iska ko da hanya fayau take. Kamfanoni suna rufe wannan da sake turawa da kuma faɗaɗa wurin jiran layi, sai wata cuta ta ɓullo: ba abin da ya ɓace, mai aikawa ya yi ta ƙari, layi ya yi tsawo, jinkiri ya hauhawa. Jim Gettys ya ja hankali ga wannan tun 2010, kuma a 2016 masu binciken Google suka fito da tsarin BBR, wanda yake auna faɗin hanya da lokacin zuwa da dawowa maimakon jiran ɓata.

Ga masu tsara littattafai, ma'anar wannan ita ce abubuwa uku ne a gabansu, cunkoso da ɓata da jinkiri, kowanne da musabbabinsa. A kasuwar Dole kalma ɗaya ce ta haɗiye su duka, "babu rezo", kuma ƙamus ɗin da za a buga zai buƙaci shigar da kowannensu daban, tare da misalinsa.