Tsakanin Ƙazafi da Nasiha: Sharhi a kan Dokokin Ɓata Suna

Malaman usulu sun lissafa mutunci cikin abubuwan da Shari'a ta zo domin kiyayewa, tare da addini, rai, hankali, nasaba da dukiya. Ba a jayayya a kan wajabcin kare shi. Abin da ke buƙatar nazari shi ne yadda dokokin da ake aiki da su a Nijeriya suke kare shi, da kuma wanda ke cin moriyar wannan kariya.

Fiƙihu bai haɗa dukkan maganganun cutarwa a hukunci ɗaya ba. Ƙazafi shi ne jifan kamammen mutum da zina ko kore masa nasaba. Suratun Nur ta yanke masa bulala 80 da ƙin karɓar shaidar mai yin sa, matuƙar bai kawo shaidu huɗu ba. An zartar da wannan haddi a kan Misɗahu da Hassanu da Hamnatu bayan ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Imam Malik ya tsananta har ya wajabta haddi a kan habaici idan manufarsa ta bayyana. Abin da bai kai ƙazafi ba, kamar kiran ɗan kasuwa maha'inci ba tare da hujja ba, hukuncinsa ta'aziri ne bisa ijtihadin alƙali.

Sai dai fiƙihun da ya yi wannan tsanani shi ne kuma ya buɗe ƙofar nasiha. Imam Nawawi ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, cikinsu akwai kai ƙarar zalunci, neman fatawa da gargaɗin Musulmi daga cuta. Hindu ta kai kukan rowar Abu Sufyan gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai kuwa hana ta magana ba.

Kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ɗan kusanci wannan ma'auni. Sashe na 391 ya keɓe gaskiyar da aka faɗa domin amfanin jama'a, da gargaɗin da aka yi da kyakkyawar niyya. Rauninsa yana wajen aiwatarwa, domin ana tsare mutum tun kafin alƙali ya duba niyyarsa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya fi muni, saboda faɗin lafazinsa ya sa ɓacin rai kawai ya zama dalilin kama mutum, har kotun ECOWAS ta hukunta cewa ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka kuma yi masa gyara a 2024. A 2023 an kama wata mata a Legas don ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. A ma'aunin fiƙihu, mai saye da ya bayyana abin da ya ɗanɗana bai yi ƙage ba.

Dokar da ke fara tsare mai ƙorafi tana kare sunan mai ƙarfi, ta bar mutuncin mai rauni a ofishin 'yan sanda. Ya kamata alƙalanmu da ɗaliban Shari'a su riƙa yin tambayoyi uku kafin hukunci: maganar ƙarya ce, an nufi cutarwa da ita, kuma wace ɓarna ta tabbata? Allah ne mafi sani.