Ƙofa Huɗu, Kuɗi Huɗu: Maganar Tikitin Gidajen Tarihi a Ikko

Babu ɗan unguwar nan da bai san fuskar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ba, ko don takardar naira ashirin. Amma a tambaye mu, mu nawa ne a Agege muka taɓa zuwa muka ga motar da aka harbe shi a ciki? Tana nan a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, baƙar Marsandi, da ramukan harsashi a jikinta, tun daga abin da ya faru safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa barikin Dodan. Akwai dattijai a cikinmu da suka shekara talatin, wasu arba'in, a garin nan, sun san kowane lungu na kasuwar Idumota da ta Mile 12, amma ƙafarsu ba ta taɓa taka gidan ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa, sai dai wanda makarantar bokonsu ta kwasa ta kai.

Wani zai ce rashin sha'awa ne, wani ya ce ai gidan gumaka ne. Za mu taɓo wannan. Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ƙofar kanta, wato yadda ake sayar da izinin shiga waɗannan gidaje. Mu 'yan kasuwa ne, mun san idan kaya masu kyau suka yi kwantai, wani lokacin laifin ba na kayan ba ne, na mai tsaron shagon ne.

A fara da Onikan. Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1957 da ƙoƙarin wani Bature mai suna Kenneth Murray, yana hannun gwamnatin tarayya, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi da aka kafa a 1979. Kana fitowa daga cikinsa, ga Cibiyar John Randle ta tarihi da al'adun Yarbawa, ita kuma ta gwamnatin jiha ce. Ga dandalin Tafawa Balewa kusa da su, inda aka yi bikin karɓar 'yancin kai a 1960. Ɗan tattaki kaɗan ka isa Freedom Park a titin Broad, tsohon gidan yarin Turawa inda aka taɓa tsare irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, aka mayar da shi wurin shaƙatawa da tuna baya a 2010. Duk a cikin tafiyar ƙafa suke, mutum zai iya gama su tsakanin hantsi da la'asar. Amma kowanne da mai shi, kowanne da ƙofarsa da ƙa'idarsa, kuma babu takarda ɗaya da za ka saya ta shigar da kai duka.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa, misali ne kawai. A ce magidanci ya ɗebi matarsa da yara biyar, su bakwai ke nan. A ce kowace ƙofa naira dubu ɗaya ce a kan kowane kai. Ƙofa huɗu ta tashi dubu ashirin da takwas, ba a sa kuɗin mota daga Agege zuwa tsibiri da dawowa ba, ba a sa ruwan sha da abin taɓawa ba. Kuma ba yawan kuɗin ne kaɗai ke karya gwiwa ba. Abin da ya fi shi ne magidancin bai san jimlar ba kafin ya bar gida. Sai ya je kowace ƙofa ya tambaya, yara na tsaye suna kallonsa. Mutum mai mutunci ya gwammace ya zauna a gida da ya je ya juya da iyali a bakin ƙofa saboda aljihu ya gaza.

Badagiri ta fi nuna wannan ciwon. Wanda ya yi niyyar ganin tarihin cinikin bayi a can zai tarar da wurare da dama a warwatse: gidan tarihin gwamnati, da ɗakin kayan bayi na zuriyar Mobee, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass mai ɗakuna arba'in, da benen farko da 'yan mishan suka gina a 1845, sannan a hau kwalekwale a tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, a yi tafiyar ƙafa har bakin teku inda ake loda mutane a jirgi. Kowanne da kuɗinsa, mai kwalekwale da nasa, ɗan jagora da nasa. Baƙo yana sa hannu a aljihu sau biyar ko shida a wuni ɗaya, har ya fara zargin kowa da kowa, ko da kuwa babu wanda ya cuce shi. Alhali kuwa wurin nan ya shafe mu ƙwarai. Shi kansa Seriki Abass, wanda ya rasu a 1919, Musulmi ne, kuma kalmar Seriki ɗin nan Sarkinmu ce ta Hausa bakin Yarbawa ya juya ta. Cikin waɗanda aka tsallakar da su teku daga gaɓar nan akwai Hausawa masu yawa, har tarihi ya rubuta yunƙurin tawayensu a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807, da hannunsu a boren Musulmi na 1835. Yaron da aka haifa a Agege ya kamata ya san cewa kakanninsa sun bi hanyar Kurmi ta fuska biyu, wasu da fatauci da ƙafarsu, wasu a ɗaure.

Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ciniki a Risala ya san sharaɗin nan: dole abin sayarwa ya zama sananne, kuɗinsa ma ya zama sananne. Cinikin da aka jahilci farashinsa akwai garari a ciki. Tikitin shiga kuwa ciniki ne, ka ba da kuɗi a ba ka damar gani. To me ka saya? Shiga kawai? Har da ɗan jagora mai bayani, ko shi daban ne? An yarda ka ɗauki hoto da waya, ko an hana, ko sai ka ƙara wani abu? Yaro ɗan shekara nawa ne yake biyan rabi? Duk gidan tarihin da bai rubuta waɗannan a allo babba a bakin ƙofa ba, ya bar ƙofar husuma a buɗe. Kuma ma'aikacin kirki ne yake fara shan wahala, don shi ake kallo da idon zargi. Mai sayar da goro a Agege ma idan ya ce maka ƙwarya kaza ce, ka san goro ɗari ake nufi. Ba ya cewa sai ka ɗauka tukuna a gaya maka.

Sai maganar rasit. Tun 2015 gwamnatin tarayya ta tilasta wa hukumominta zuba kuɗin shiga a asusun bai-ɗaya. Ma'ana, kuɗin da ka biya a ƙofar gidan tarayya aka ba ka shaida, akwai inda zai je a rubuce. Wanda ka miƙa hannu da hannu babu takarda, Allah kaɗai Ya san inda ya kwana. A nan kam dole mu juyo kan namu. Akwai 'yan uwanmu da ɗabi'ar tayi ta zame musu jiki, ko ina suka je sai sun nemi ragi, in an ce su bakwai ne su ce a lissafa biyar, ko su lallaɓa mai gadi da ɗan wani abu ya kawar da kai. Wannan ba wayo ba ne, taimaka wa mutum ne ya ci amanar da aka ba shi, kuma zunubin na mai bayarwa da mai karɓa ne. Ƙofar gidan tarihi ba rumfar tumatir ba ce. In kuɗin ya yi yawa, a kai kuka inda ake yanka farashin, ba wurin ƙaramin ma'aikaci ba.

Abin da muke nema ba sabon abu ba ne a duniya. A birnin Faris na ƙasar Faransa akwai kati ɗaya da baƙo ke saye na kwana biyu, ko huɗu, ko shida, ya shiga gidajen tarihi da wuraren tarihi sama da hamsin da shi. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa kyauta yake shiga gidajen tarihin gwamnatinsu. A Ingila tun 2001 manyan gidajen tarihin ƙasa ba a biyan ko sisi a ƙofa. Abin takaicin ma shi ne, kayan tagullar Benin da sojojinsu suka kwashe a 1897, ɗan Landan yana kallonsu kyauta a gidan tarihin Birtaniya. Ba mu ce lalle a yi kyauta a nan ba. Mun san ana biyan ma'aikata, ana sayen man janareta, kayan da suka shekara ɗaruruwa kuma suna son kulawa, balle a gari mai raɓa irin Ikko. Kyauta ga yara 'yan makaranta, da rangwame ga mai iyali, wannan kam bai fi ƙarfin kowa ba.

Za a ce ai masu gidajen daban-daban ne, wannan na tarayya, wancan na jiha, wani na zuriya, wani kamar gidan Fela da ke Ikeja na iyalinsa ne, to yaya za a raba kuɗin? Amsar tana aljihun kusan kowannenmu. Katin Cowry, wanda suka sa wa sunan wuri, kuɗin kakanninmu, da shi muke hawa doguwar motar BRT, da shi ake shiga jirgin ƙasan da ya tashi daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023, da shi kuma muke hawa sabon jirgin da ke tsayawa a tasharmu ta Agege ya sauke mu Oyingbo. Motocin nan ba kamfani ɗaya ne ke tafiyar da su ba, amma na'ura tana rubuta inda kowa ya taɓa katinsa, kowa ya sami haƙƙinsa. Garin da ya iya wannan da dubban fasinjoji kullum, ba zai ce gidaje huɗu da ke kallon juna a Onikan sun gagare shi ba. Ko ba a kai ga kati ba, takarda ɗaya mai gida huɗu, kowace ƙofa ta buga hatiminta, ta wadatar a fara da ita. Badagiri ma haka, a saya wuri ɗaya har da kuɗin kwalekwale.

Amma muna da gargaɗi a kan yayin da ake yi yanzu na mayar da komai cikin waya. Duk alhajin da ya je Madina a 'yan shekarun nan ya ga yadda shiga Rauda ya koma sai da izini ta manhajar Nusuk. Tsarin ya rage turmutsutsu, ba mu musa ba, amma mun ga tsofaffi da ba su iya latsa waya ba suna bin yara suna roƙo a yi musu. Idan tikitin gidan tarihi ya koma sai ta intanet kawai, da Turanci, da katin banki, to an rufe ƙofa ga mai turin baro da mai shayi da mai gadi da uwar gida, an bar ta ga masu kwalin digiri da baƙi daga waje. Haka kuma wanda ya ce sai tsabar kuɗi kawai bai ɗauki darasin farkon 2023 ba, lokacin da takardar naira ta ɓace mutane suka kwana a layin banki. A bar hanya uku a buɗe: tsaba, da taransifa ko na'urar POS, da waya ga mai so. Kowace da rasit.

Akwai kuma abin da tikiti ba ya saya mana ko mun biya, wato fahimta. Bayanin da ke jikin kayan da Turanci yake, a cibiyar Yarbawa kuma da Yarbanci da Turanci, wannan daidai ne, gidansu ne. Amma Gidan Tarihi na Ƙasa na kowa ne. Kawunan yumɓun Nok da ke ciki daga kudancin Kaduna aka tono su, shekarunsu sun haura dubu biyu. Dattijon da ya biya kuɗi daidai da na kowa, ya zaga bai karanta ko layi ɗaya ba, rabin kaya aka ba shi a cikakken farashi. 'Yar takarda mai shafi biyu da Hausa, a miƙa tare da tikiti, nawa za ta ci? A unguwar nan akwai malamai da ɗalibai da za su fassara ta fi sabilillahi in an nema.

Game da gumaka, gaskiya ne akwai sassaƙe-sassaƙe da kayan bautar mutanen da a waɗannan gidaje. Amma kallon abu don sanin tarihi daban, girmama shi daban. Ba a yi wa kowa sujada a can, kaya ne a cikin gilashi da lamba a jikinsu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ba dole, ya wuce wannan ɗakin ya je inda motar take da hotunan shugabannin ƙasa. Abin da bai dace ba shi ne a hana yaro sanin garin da yake zaune, a bar shi da gidan kallon ƙwallo, inda yake biyan kuɗin shiga duk Asabar da Lahadi ba tare da kowa ya yi tayi ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Makarantun boko suna rubuta wasiƙa tun kafin ranar, su faɗi yawan ɗalibai, a gaya musu abin da za su biya, su zo a jere. Makarantun Islamiyyarmu ma makarantu ne, suna da takarda mai kan suna da hatimi. Kwamitin kowace makaranta ya rubuta, ya nemi farashin ɗalibai a rubuce, ya tambayi ranaku da sa'o'in buɗewa, da ko akwai wurin alwala da salla, don Azahar za ta riske su a can. A tura mutum biyu su kai wasiƙar da hannu su dawo da amsa, sannan a yanka wa iyaye abin da kowane yaro zai kawo, har da kuɗin mota. Dogon hutun Agusta ya fi dacewa, lokacin yara ba sa zuwa boko. Ranar 18 ga Mayu kuma ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, a tambaya tun da wuri ko akwai rangwame a ranar. Ita kuwa maganar tikitin bai-ɗaya da takardar bayani da Hausa, muna roƙon fadar Sarkin Hausawa ta sa ta cikin abubuwan da za ta gabatar idan an zauna da jami'an jiha, da kwafi zuwa ga hukumar gidajen tarihi ta tarayya.